Baƙin Alade na Kagoshima

Zuwa ga Edita,

'Yan'uwana Musulmi su gafarce ni, labarin ƙasa nake bayarwa, ba talla ba.

Da na sauka Kagoshima, kudancin Japan, aka kawo mini tonkatsu, wato naman alade da aka tsoma cikin ƙwai da garin burodi aka soya. Aladensu, kurobuta, jinin Berkshire ne na Ingila, baƙi mai fari shida: ƙafafu huɗu, hanci da bakin wutsiya. Da dankali ake kiwonsa, kitsensa ba ya ginsarwa. Agu na Okinawa ƙarami ne, ya fi maiƙo, amma ni ya yi mini nauyi. Farin alade kuwa, arha kaɗai ya fi su.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Wusasa.