Jitar Jingina: Abin Da Ya Same Ni A Tafiyar Anacha

Kwana biyu kun ji ni shiru, a yi mini afuwa, hidimar kasuwa ce ta sha kaina. Yau ina so in ba ku labarin wata tafiya da na yi a watan Nuwamba na shekarar 2023, wadda na daɗe ina jan ƙafa wajen rubuta ta saboda akwai abin kunyata a ciki. To amma tunda Alhajinmu ya riga ya ji komai daga bakina, ban ga wanda zan ci gaba da ɓoye wa ba.

Ga waɗanda ba su san ni ba, a Sabon Shagamu aka haife ni, a nan na yi firamare da sakandare, daga nan na tsaya a rumfar mahaifina ta goro. A Arewa idan aka ce kaka ta yi, ana nufin an yanke gero, dawa ta nuna, rumbu ya cika. Ni wannan kakar a bakin Alhaji kawai nake jin ta. Mu 'ya'yan Kurmi kakarmu ta goro ce: daga Oktoba zuwa Disamba sabon goro yake sauka daga ƙauyukan Yarbawa, a wanke, a zaɓe, a ware marsa daban, a fitar da mai sankara, a ɗaure huhu da ganye. A lokacin nan ko barci ba ma samu sosai.

Sai dai ina da wata ɗabi'a da babu wanda ya sani a gidanmu, wato tara tsofaffin jita. Tun ina aji biyar na sakandare abin ya fara, ranar da na tsinci wata karyayyar jita da aka yar a bayan wani coci, na ɗinke ta da gam da wayar birkin keke. Daga nan duk 'yan kuɗin da na samu na kamasho sai in tara, in faki ido in shiga Legas wajen masu kayan gwanjo. Kafin wannan tafiya ina da guda shida, duk a ɓoye a ɗakin bayan shagon wani abokina mai aski. Kuma gaskiya ban iya kaɗawa sosai ba, gyaran ne ya fi burge ni, in ga abu ya mutu in tashe shi. Kun dai san gidajenmu. Alhaji zai wuni yana jin Shata a rumfa yana kaɗa kai, amma a ce ɗansa ne riƙe da abin kiɗa, wannan kuma wata magana ce.

To, a wannan kakar sai Alhaji ya ce in raka kaya Anacha, in kuma karɓo wani tsohon bashi wajen abokin cinikinsa da ke kasuwar bakin gada. Muka ɗora huhu 40 a motar J5, muka tashi ranar Talata bayan sallar asuba, domin a lokacin, tun daga 2021, duk mai hankali ba ya shiga yankin nan da kaya ranar Litinin saboda zaman gida. Tafiyar kusan kilomita 400 ce, amma sai da ta ci mana awa goma sha ɗaya. Daga Ijebu Ode zuwa Ore daji ne kore shar hagu da dama, damina ta janye amma hunturu bai sauko ba, sai ɗan hazo da safe. Shingayen hanya kuwa na ƙirga har na gaji na daina. A Ore muka ci abinci, na yayyafa wa ganyen huhu ruwa, domin goro ba ya shiri da zafin mota. Da muka zagaye Benin na tuna nan ne garin Victor Uwaifo mai waƙar Joromi, wanda ya rasu a 2021, na ce da direba ina ma mu shiga gari, ya dube ni ya ce, "Kai goro aka aiko ka ko yawon buɗe ido?" Muka wuce Agbor da Asaba, ana kiran magariba muka hau tsohuwar gadar Neja, wadda aka gama tun 1965, ga sabuwar da aka buɗe a wannan shekarar can gefe.

Washegari aka sauke kaya, aka yi lissafi. Da kuɗin kaya da tsohon bashi, mutumin ya turo Naira 850,000 cikin asusuna, saboda Alhaji ba ya harka da waya, komai ta hannuna yake bi. Direba ya ce sai jibi zai samu lodin komawa. Ka ga ke nan ina da kwana guda cur babu aiki, ga kuɗi a waya.

Na shiga babbar kasuwa neman tsirkiya. Ina cikin tambayar wani mai shago ko ana samun tsofaffin jita, sai ya yi dariya ya ce akwai wani tsoho a unguwar Fegge da ke da irin ciwona, ya haɗa ni da yaronsa ya kai ni.

Shago ne na gyaran rediyo da amfilifaya, ƙura ko'ina. Tsohon zai haura shekara saba'in, yana zaune da tabarau a kan hanci. Na gaishe shi da buroka, ya kalli hulata, sai kawai na ji ya ce, "Sannu da zuwa samari, daga ina?" Wallahi sai da na waiga in ga ko wani ne ya yi magana. Hausa tsaf, irin ta mutanen da. Ashe a Jos aka haife shi, mahaifinsa ma'aikacin kuza ne, suka baro garin a 1966 yana ɗan shekara goma sha biyar, da kayan jikinsu kawai. Bai ƙara komai a kan wannan ba, ni ma ban tambaya ba.

Na ciro goro biyar daga aljihu na miƙa masa. Kun san yadda ake faɗa, Bayarabe ke noma goro, Bahaushe ke ci, Ibo ke girmama shi. Ya sa a faranti, ya ɗaga, ya yi addu'a mai tsawo da harshensu, sannan ya ce mini a al'adarsu goro ba ya jin wani yare sai Ibo, "amma wannan naku ne, gworo, na san yana jin Hausa." Muka yi dariya, ya fasa, muka ci. Sannan ya tashi ya buɗe ƙofar ciki.

Jama'a, ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Jita 23 a rataye a bango, kowace da ƙyalle a kanta. Akwai Yamaha ta katako, akwai Eko ta Italiya, akwai 'yan Japan na lantarki waɗanda aka kwaikwayi Fender. Ya riƙa sauko da su ɗaya bayan ɗaya yana ba ni tarihinsu. Ya ce bayan an gama yaƙi a 1970 mutane ba su da komai sai son rawa, kowane otal a Anacha da ƙungiyar makaɗansa, shi ma ya kaɗa a ƙananan ƙungiyoyi kafin ya koma gyara. A garin nan Prince Nico Mbarga ya riƙa wasa, kuma kamfanin faifai na Rogers All Stars na nan Anacha ne ya fitar da Sweet Mother a 1976, bayan wani babban kamfani ya ƙi karɓar waƙar. Ya yi maganar Osita Osadebe da Oliver De Coque, waɗanda suka rasu a 2007 da 2008, kamar jiya suka rabu. A ganinsa matsin tattalin arziki na shekarun 1980 da shigowar kibod ne suka kashe ƙungiyoyin, domin mutum ɗaya ya koma yana yin aikin mutum takwas, waɗanda suka rage kuma coci ta kwashe su.

Na nuna masa hotunan nawa guda shida a waya. Bai raina ba. Ya ce in daina jingine su a bango, in riƙa sassauta tsirkiya idan zan daɗe ban taɓa ba, domin laimar Kurmi tana lanƙwasa wuyan jita, hunturu kuma yana tsaga katako. Da na ce masa ban iya kiɗa ba, ya ce kada in damu, Ɗan Maraya Jos da tsirkiya ɗaya ya yi abin da su masu shida ba su yi ba.

Can ƙurya akwai wata a cikin akwatinta. Da ya buɗe, sai na ji kamar an riƙe mini numfashi. Hofner ce ta Jamus, ja, ta lantarki, ƙarfenta yana ƙyalli, tsirkiyarta sabuwa. Ya jona ta, ya ɗan taɓa, sautin ya fito garau kamar ruwan randa.

A nan ne abin kunyar yake. Kafin ya gama kaɗawa na riga na gama lissafi a zuciyata. Zan ce wa Alhaji an samu sankara a huhu uku, mai saye ya rage kuɗi. Abu ne da ke faruwa, ba zai yi musu ba, kuma ba zai kira mutumin ba, domin ni ne wayarsa. Na ce wa kaina ai aro ne, zan mayar a hankali. Na ciro waya na ce, "Baba, zan ba ka dubu ɗari da hamsin." Ya girgiza kai. Na ce dubu ɗari da tamanin, yanzu-yanzu. Hannuna har rawa yake yi.

Bai ce komai ba, sai ya zaro wata takarda daga aljihun akwatin, ta yi ja saboda tsufa. An rubuta wata da shekara, 1986, da Naira 60, da sa hannu biyu. Ya ce, "Ɗana, wannan ba tawa ba ce. Mai ita abokin kiɗana ne. Matarsa ce naƙuda ta zo mata da gardama, ya kawo ta jingina, ya ce zai dawo bayan wata biyu. Na ji an ce ya tafi Kamaru. Ban sake ganinsa ba."

Na ce, "Haba Baba, shekara 37 fa. Wataƙila ma ya rasu."

Ya ce, "Wataƙila. To ɗan da aka haifa ran nan fa? In ya zo da Naira sittin zai ɗauki kayan ubansa." Ya yi dariya ya ce ya san yau kuɗin ko burodi ba za su saya ba, amma abin da aka rubuta ke nan. A cikin 23 ɗin nan, tara duk jingina ce, kowace da takardarta, kuma ya gaya wa 'ya'yansa. Duk shekara yana canza musu tsirkiya da kuɗinsa. Sai ya ƙara da cewa lokacin da suka gudo daga Jos, mahaifinsa ya bar keken ɗinkin mahaifiyarsu wajen wani maƙwabci, bayan yaƙi ya koma ya tarar da shi an shafa masa mai, an rufe da buhu.

Sannan ya kalli wayar da ke hannuna ya ce, "Kai kuma yaro kamarka, wannan kuɗin naka ne?"

Na yi shiru. Bai sake tambaya ba. Ya rufe akwatin, ya ɗauko wasu tsofaffin kunnuwan ɗaure tsirkiya guda shida a leda ya ce in sa wa karyayyar tawa ta farko. Na ce nawa, ya ce goro ya biya.

A hanyar dawowa ban yi magana da direba ba har Ore. Abin da ya fi damuna shi ne ba ni na hana kaina ba. Da tsohon nan ya ce ya sayar, da yanzu jitar tana ɗakin mai aski, ni kuma ina cin tuwo kwano ɗaya da Alhaji da ƙarya a bakina.

Da na iso na ba Alhaji lissafinsa cif, ko sisi bai yi ciwon kai ba. Bayan isha'i na same shi a kan tabarma na gaya masa komai, har da maganar sankara. Ya daɗe yana jan carbi. Can ya ce, "Tarkacen da ke wajen mai aski ai tun bara na sani. Da kuɗin wa ka saye su?" Na ce da kamashona. Ya ce, "To." Sai ya ce lokacin rikicin Shagamu na Yulin 1999, kafin a haife ni, wata Bayarabiya mai kawo masa goro ya bar wa mukullin sito suka tafi Arewa, da ya dawo ta ba shi kuɗin kayansa a ƙulle a ɗankwali. Ban taɓa jin wannan labari ba sai ran nan.

Kada ku ɗauka ya sa wa abin albarka. Ya ce kada ya ga ko ɗaya a gidansa, kuma kada ya ji an ce an gan ni ina kiɗa a wani taro. Sannan wata uku cur ya mayar da karɓar kuɗi hannun ƙanena, ni aka bar ni da zaɓen goro da ɗaurin huhu. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, amma ban ga laifinsa ba. Ranar da ya dawo mini da aikin bai yi wani bayani ba, cewa kawai ya yi, "Kira mutumin Anacha ka ji ko kaya sun isa."

Yanzu jitata bakwai. Ta bakwai ɗin wani makaɗin coci ne ya kawo mini ita jingina a kan dubu goma sha biyar zai biya kuɗin makarantar 'yarsa. Na yago takarda a littafin rumfa, muka rubuta, muka sa hannu. Mai aski yana ta yi mini dariya wai na zama banki.

Duk lokacin da motarmu za ta Anacha nakan ƙulla goro ashirin in ba direba ya kai Fegge. Zuwan ƙarshe ya ce ya same shi, ƙafa ta ɗan matsa masa, amma ja ɗin tana nan a akwatinta.

Wanda duk yake riƙe da kayan wani, Allah ya ba shi ikon mayarwa, mu kuma Allah ya rufa mana asiri. Sai mun sake haɗuwa in Allah ya kai mu.