Likitanmu Ma Ɗan Adam Ne

A Sallar da ta wuce wani ɗanmu na nan Aboabo ya zo gida. Likita ne. A nan Kumasi ya yi karatu, ya koyi aiki a asibitin Komfo Anokye, sannan aka tura shi wani asibitin gunduma a Arewa, inda shi kaɗai ne likita. Shi ke duba yara, shi ke karɓar haihuwa mai gardama, shi ke yin tiyata ko da tsakar dare.

Ya iso ran jajibere a rame. Kafin ya ajiye jaka mun cika zauren gidansu, wannan da takardar magani, wancan da ciwon gwiwa. Babu wanda ya tambaye shi yaushe rabonsa da barci. Da dare ya gaya wa kawunsa cewa yanzu in an kawo majinyaci ba ya jin tausayin da yake ji a da, kuma ya fara neman hanyar tafiya Ingila.

Jama'a, wannan ba lalaci ba ne. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana irin wannan gajiya da wahalar aiki ke haifarwa. Alamominta uku ne: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta fita daga aikin, aikin kuma ya daina kyau.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yawancin likitocin Gana suna Ankara da Kumasi. Inshorar lafiya da aka kafa a 2003 ta ƙara yawan masu zuwa asibiti, wannan alheri ne. Nas-nas na shirin CHPS suna ƙoƙari a ƙauyuka, amma duk ciwon da ya fi ƙarfinsu wurin likitan gunduma yake ƙarewa. Hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka.

In irin su suka gudu, wa zai yi asara? 'Yan'uwanmu na Salaga da Yendi da Bawku.

Ƙara likitoci a karkara aikin gwamnati ne, kuma ya kamata sarakunan Zango su riƙa tuna mata. Amma mu ma da namu. In yaron nan ya dawo babbar Sallah, mu kai masa tuwo, mu yi masa addu'a, mu bar shi ya yi barci. Ciwon gwiwarmu mu kai shi asibiti.

Allah ya ba mu lafiya, amin.