Mutumin da Ya Leƙa Ƙarƙashin Teku

A wannan makon ina so in ba ku labarin wani Bafaranshe mai suna Jak Kusto, wanda a ƙasarsu ake rubuta sunansa Jacques Cousteau. Na san wani zai ce mu da ke Ƙaura Namoda ina ruwanmu da teku, alhali yawancinmu ba mu taɓa ganinsa ba. To, ku biyo ni a hankali, akwai dalili.

An haifi Kusto a shekarar 1910. Ya shiga sojan ruwa, amma burinsa shi ne ya tuƙa jirgin sama. A 1936 ya yi hatsarin mota, hannuwansa biyu suka karye, burin ya wargaje. Don hannuwan su sake yin ƙarfi sai ya riƙa yin iyo a Bahar Rum. Nan wani abokinsa ya ara masa tabaron shiga ruwa, ya ga kifaye da tsirrai kala-kala waɗanda bai taɓa tsammanin suna nan ba. Gaskiyar Bahaushe, wani hanin ga Allah baiwa ne.

A wancan zamanin mai nutso ko dai ya riƙe numfashi, ko kuma a kifa masa ƙatuwar hular ƙarfe, ana tura masa iska ta mesa daga cikin jirgi. A 1943 Kusto da wani injiniya, Emil Ganyan, suka ƙera na'urar Aqua-Lung. Tukunyar iska ce da ake goyawa a baya, tana ba mutum iska duk lokacin da ya ja numfashi. Daga nan mutum ya samu damar yawo a ƙarƙashin ruwa kamar kifi. A 1950 ya samu wani tsohon jirgin yaƙi mai suna Kalifso, ya mayar da shi jirgin bincike, ya zaga tekunan duniya yana ɗaukar hoto.

Ga abin da ya fi tsaya mini a rai. Fim ɗinsa na 1956 ya ci manyan kyaututtuka a Faransa da Amurka, amma a cikinsa an nuna mutanensa sun tayar da nakiya a ruwa don su ƙirga kifayen da suka mutu. Wato shi ma da farko bai ɗauki ran kifi a bakin komai ba. Da ya daɗe yana nutso, yana komawa wuraren da ya sani yana tarar da kifi ya ragu, ruwa ya ƙazantu, sai ya canja. A 1960 ya tashi tsaye ya hana a zubar da sharar nukiliya a Bahar Rum, har aka fasa. A 1973 ya kafa ƙungiyar kare teku. Ya kuma yi fafutukar kare yankin ƙanƙara na Antatika, inda a 1991 ƙasashe suka sa hannu kan hana haƙar ma'adinai. Ya rasu a 1997 yana da shekara 87.

Yanzu ga inda muka shigo. A darasin labarin ƙasa na bi taswira da yatsa, na ga gulbin Gagare da ke gefen garinmu ya gangara wajen Shinkafi, ya haɗu da Bunsuru wanda ya biyo ta ƙasar Zurmi, suka zama Rima. Rima ya wuce Sakkwato da Argungu ya faɗa kogin Kwara, Kwara kuma ya zube a tekun Atlantika. Ashe ledar fiya-wata da aka jefa a kwata, idan ruwan damina ya kwashe ta, hanyar teku ta kama.

Kakana yakan ce lokacin da yake yaro, idan ruwa ya fara janyewa, da ƙwarya ma ana kama tarwaɗa da ƙarfasa. Yanzu sai masunci ya wuni da komarsa bai samu na miya ba. Ya ce akwai masu zuba maganin ƙwari a ruwa don su kwashi kifi da yawa a rana ɗaya. Maganin ba ya zaɓe, yana kashe manya da 'ya'yansu har da ƙwai, kuma ruwan nan ne shanu ke sha, da rani mu ma muke tonon yashi mu ɗiba. A ganina wannan da nakiyar Kusto duk kanwar ja ce, bambancin kawai shi ya gani ya daina.

Ba mu da jirgi, ba mu da tukunyar iska, amma muna da ido. Ina roƙon malamanmu su kai mu bakin gulbi sau ɗaya a zango, mu tambayi masunta sunayen kifayen da suka rage da waɗanda aka daina gani, mu rubuta mu liƙa a wannan allo. Ku kuma 'yan'uwana, idan kun sha ruwan leda a lokacin tara, ku sa ledar a kwandon shara. Idan muka yi sakaci, ƙannenmu sai dai su ji sunan ƙarfasa a tatsuniya.

Daga 'yar'uwarku ta aji biyu, ƙungiyar 'yan jarida.