Ga masu kiɗan fiyano na Gouna da kewaye

Yau da ku nake, samarin da ke ɗaukar Yamaha bisa babur zuwa gidajen biki, daga Gouna har Mirriya da cikin Damagaram. Hannunku na dama sai son barka, amma na hagu kun bar wa inji. Yatsa ɗaya a kan maɓalli, na'ura ta cika sauran. Shi ya sa kiɗan kowa ya zama iri ɗaya.

Ku saurari abin da masu jaz na Amurka ke yi. Akwai jerin akor uku da kusan kowace tsohuwar waƙarsu ke bi ta kai, suna ce masa 2-5-1. In kana cikin Do, shi ne Re minor 7, Sol 7, sannan Do majo 7. Ɗan koyo yakan danna murya huɗu ya yi ta tsalle da hannu. Gwani kuwa biyu yake riƙewa, ta uku da ta bakwai, don su ne ke nuna irin akor ɗin. A kan Re ka danna Fa da Do. Da Sol ya zo, bar Fa inda yake, Do ya sauko Si. Da an koma Do, Si ya tsaya, Fa ya sauko Mi. Yatsa ɗaya kawai ke gusawa kowane lokaci, shi ma zuwa maɓallin da ke manne da shi. Tushen akor ɗin kuma aikin mai bas ne; haka masu fiyano irin su Red Garland da Bill Evans suka riƙa yi tun shekarun 1950.

Na san wani zai ce ina ruwan waƙar Hausa da wannan. To, yawancin karin da ke fitowa daga goge da gurmi a kan murya biyar yake tafiya, kamar Do, Re, Mi, Sol, La. Jera su haka daga ƙasa: Mi, La, Re, Sol, Do, kowace tazarar huɗu daga ƴar uwarta. Irin jerin da mai fiyano McCoy Tyner ya shahara da shi ke nan a ƙungiyar John Coltrane tsakanin 1960 da 1965, kuma babu baƙuwar murya ko ɗaya a ciki. A kunnena ya fi zama daram a ƙarƙashin muryar zabiya fiye da akor ɗin da inji ke bayarwa.

Kuma ba yau ɗan Nijar ya fara sa maɓallai su yi yarenmu ba. Mamman Sani ya naɗi kaset ɗinsa na ogan lantarki a Yamai tun 1978.

Don Allah ku kashe rakiyar inji, ku sa ganga a hankali, ku bi 2-5-1 cikin Do, sannan Fa, sannan Si bemol, har ku zagaye duka 12. Wanda ya gwada ya turo mana bidiyo mu ji.