Damon da Kawu ya kawo mini daga arewa

Da kakar 1987 Kawu ya dawo Gure daga wajen Tasker, inda yake zuwa sayen awaki da raƙuma a hannun Tubawa. Kowa a gidan ya sami tsarabarsa, Inna cuku, Baba dabino. Ni kuwa sai ya ja ni bayan zaure, ya kwance bakin burgaminsa, ya ce, "Sa hannu, ɗana, amma a hankali." Abin da yatsuna suka fara taɓawa ƙaya ce, jere-jere kamar an ɗaura zobba. Na fizge hannu. Kawu ya zazzage burgamin a kan yashi, sai ga wata 'yar halitta da tsawonta bai kai taƙi ba, mai faɗin ciki, da guntun kai irin na kunkuru, da wutsiya mai kauri duk ƙayoyi. Yaran makiyaya ne suka tono ta a gindin dutse, Kawu ya karɓe ta da 'yan ƙwayoyin sukari. Ya ce mini damon dutse ne.

Ina aji huɗu a lakwal a lokacin, kuma damon da na sani shi ne na gona, sarkin haƙuri, mai cin fara da ƙadandoniya da dodon koɗi. Na ɗauka wannan ma ɗan'uwansa ne, don haka na yi masa duk abin da na san ana yi wa baƙon da ake so. Na sa shi a tsohon kwando a kusurwar ɗakin Inna, kusa da randa, inda ya fi ko'ina sanyi a gidan. Na zuba masa ruwa a gwangwanin kifi. Na riƙa ɗebo masa fura a ludayi, ina tsinko masa nama daga miyata, da yamma kuma in yayyafa masa ruwa don kada zafi ya dame shi. Kwana shida bai ɗanɗana komai ba. Jikinsa ya yi baƙi ƙirin, gefen cikinsa ya yamutse, idonsa a lumshe. In na ɗauke shi sai ya kwanta a tafin hannuna kamar tsumma. A daren na shida na yi kuka a ɓoye, don na tabbata mutuwa zai yi, kuma ban ga abin da na rage ban yi masa ba.

Akwai wani tsohon Buzu da ke sayar da kanwa da gishiri a bakin kasuwa, kullum da butar shayinsa a kan garwashi. Kawu ne ya ce in kai masa. Tsohon ya karɓe shi, ya juya shi, ya matsa gindin wutsiyar da babban yatsa, ya tambaye ni inda yake kwana da abin da yake ci. Da na faɗa masa sai ya daɗe yana kallona ta saman rawaninsa.

"Yaro, wa ya ce maka ƙishirwa yake ji?"

"Baba, ai kowa yana shan ruwa."

"Wannan ruwansa yana cikin ganye. Ka fitar da shi daga inuwa. Ka ba shi dutse, ka ba shi rami, ka ba shi rana. Gwangwanin nan kuma ka zubar."

Bai ƙara komai ba, sai dai ya ce a yarensu agazzaram ake kiransa. Ya ajiye shi a kan wani falalen dutse da rana ta gasa a gefen rumfarsa, ya ce in zauna in gani. Abin da na gani a wannan hantsin har yau yana idona. Da farko damon ya baje cikinsa ya yi fele-fele a kan dutsen, ya karkata bayansa wajen rana. Kafin tsohon ya gama shayi na biyu, baƙin jikin ya fara washewa, ya koma toka-toka, ɗige-ɗigen bayansa suka fito. Ya ɗaga kai, ya buɗe ido sosai, ya zaro ɗan guntun harshe ya lashi dutsen. Tsohon ya tsinko furen tsidau guda ɗaya, rawaya, ya jefa gabansa. Ya dube shi da ido ɗaya, ya matso, ya cafke.

Daga baya ne, da na yi karatu, na gane dalili. Jikin irin waɗannan halittu ba ya yin ɗuminsa da kansa, daga rana suke aro. In bai yi zafi ba, abincin da ke cikinsa ba ya narkewa, saboda haka ba ya ma neman ci. Baƙin da yake yi da safe don ya fi saurin jan zafi ne, in ya ɗumama sai ya yi haske. Danshin da nake yayyafa masa kuwa shi ne babban makashinsa, domin yana ruɓar da fata yana kama numfashi. Masana suna kiran jinsin Uromastyx, daga kalmomin Girkanci biyu, wutsiya da bulala, kuma ana samunsa daga Sahara har Ƙasar Larabawa.

A ranar na gina masa gida a gabashin tsakar gidanmu, inda rana ke fara sauka. Na jera tubali, na cika da yashin tudu, yashi kuwa ba ya wuya a Gure, har ƙofar gida yake zuwa da kansa. Na kwaso duwatsu uku masu faɗi, na binne wuyan fasasshen tulu ya zama bakin rami. Bai yarda da ramina ba. Cikin kwana biyu ya tona nasa a ƙarƙashin dutsen tsakiya, a karkace, kuma in ya ji motsi sai ya shige da kai ya toshe ƙofa da wutsiya. Ran da na gwada jawo shi, ya kumbura jiki ya cije a bangon ramin, ya zabga mini wutsiyar a bayan hannu. Layi uku na jini suka fito. Kaka ta shafa mini man shanu, ta ce, "Gidansa ka shiga ba sallama."

Aikina ya koma neman ganye. Kafin in tafi lakwal sai in zagaya bayan gari in tsinko ɗanyen ganyen wake, da rama, da tafasa, da furen tsidau muddin yana nan. Da ciyawa ta bushe sai na koma kan zogalen gidan maƙwabta da furen bagaruwa, wani lokaci 'yan ƙwayoyin gero. Duk abin da yake rawaya shi yake fara ɗauka. Wata safiya na ga farin gari ya daskare a gefen hancinsa, na ɗauka ciwo ne, na ruga kasuwa. Tsohon ya lakato da farce ya ce in ɗanɗana. Gishiri ne. Ganyen daji yana da gishiri da yawa, shi kuma ta hanci yake fitar da shi don kada ya ɓarnatar da ruwan jikinsa.

A makarantar allo labari ya bazu, manyan almajirai suka fara cewa in ya yi ƙiba za su gasa shi. Na kai ƙara wurin Malam. Ya ce mini Larabawa dabbu suke ce masa, kuma ya zo a Buhari da Muslim cewa an kawo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, gasasshensa a ɗakin matarsa Maimuna, bai ci ba, bai kuma haramta ba, Halidu ɗan Walidu ya ci a gabansa. Gabana ya faɗi. Sai Malam ya juya wajen almajiran ya ce halaccin nama bai halatta dukiyar wani ba, kuma wanda ya tsare dabba, cinta da lafiyarta suna wuyansa har gaban Allah. Rabin maganar tasu ce, rabi tawa.

Ranar 10 ga Nuwamba aka ce Shugaba Seyni Kunce ya rasu a Faransa. Manya suka kewaye rediyo a zaure, gari ya yi tsit. Na tuna ranar ne musamman don a makon ne hunturu ya fara busawa, damona ya shiga rami bai fito ba. Kwana uku, kwana biyar, ganye yana bushewa a kan dutse. Na ɗauko sanda zan tona, Kaka ta riƙe hannuna. Haƙurin da na yi a wannan ɗarin ya fi duk wahalar neman ganye. Sai dai in durƙusa in leƙa, in ga ƙarshen wutsiya, in tashi. In ƙura ta lafa rana ta yi ƙarfi, yakan fito da azahar ya ɗan sha zafi ya koma, bai ci komai ba. Kitsen da ya tara da kaka shi ya riƙe shi.

Da bazara ta shigo ya fito da yunwa, ya yi saɓa, ya ƙara tsawo. Amma sai ya ɗauki wata ɗabi'a da ta hana ni sukuni: in ya gama ci, sai ya miƙe a jikin tubali yana karta, yana zamewa, yana sake miƙewa, har la'asar. Na faɗaɗa masa wurin sau biyu, bai daina ba. Ga shirwa tana shawagi a kan gidan, ga kyanwar maƙwabta a kan katanga.

Yanzu nakan ga hotunan irinsa a waya, a cikin akwatin gilashi a Turai da Amurka, an kunna musu fitilar lantarki a madadin rana. Tun 1977 cinikinsu tsakanin ƙasashe sai da takardar izini a ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, kuma a 2012 Nijar ta keɓe Termit da Tin Tumma don kare namun dajin wannan yanki. Ba na zargin masu kiwonsu, na san irin son da ke sa mutum ya tashi da asuba neman fure. Amma in na ga hoton, kartar tubalin nan nake ji a kunnena.

Da Kawu zai koma arewa kafin ruwan farko, ni na ce ya tafi da shi. Na sa shi a burgamin da ya zo a ciki, na cusa ganyen zogale. Bayan wata biyu Kawu ya dawo, ya ce ya sauke shi da hantsi a gindin wasu duwatsu gaba da Kelle, inda ya ga ramukan 'yan'uwansa, ya ɗan tsaya a kan dutse, sannan ya shige wani tsagi. Na tambaye shi ko ya waiwayo. Kawu ya ce, "A'a, ɗana." Tubalan suna nan a tsakar gida har ruwan Agusta ya narkar da su, Inna ta shuka kuɓewa a wurin.