Kunnen da ya mutu dare ɗaya

Kurumta iri biyu muka sani a ƙasar nan: ta tsufa, mai zuwa sannu a hankali, da wadda sanƙarau ke bari, kamar yadda annobar 1995 ta nuna mana. Akwai ta uku, wadda ba mu cika ba ta muhimmanci ba: mutum ya kwanta lafiya lau, ya tashi kunne ɗaya ya daina ji.

Haka ta faru ga wata maƙwabciyata a Gamkalle, mace mai ƙuruciya, 'yar kasuwa. Wasu suka ce dauɗa ce, a ɗiga mai; wasu suka ce iskokin kogin Isa ne. Ni na raka ta wurin likitan kunne. Ya duba, bai ga dauɗa ko mugunya ba, sai ya tura mu ga likitan jijiyoyi. Hoton ƙwaƙwalwa na IRM ya nuna cutar da Faransawa ke kira sclérose en plaques.

Likita Jean-Martin Charcot ne ya bayyana ta a Faris a 1868. Jijiyoyi da yawa suna da riga, kamar robar da ke lulluɓe wayar lantarki. A wannan cuta, garkuwar jiki ce ke cinye rigar, sai saƙo ya tsaya a hanya. Idan ɓarnar ta faɗa kan hanyar ji, kunne na nan lafiya, amma sauti ba ya isa ƙwaƙwalwa. Ƙididdigar 2020 ta nuna mutum miliyan 2.8 ke ɗauke da ita a duniya. Ta fi kama mata, galibi tsakanin shekara 20 da 40. Kurumta ba ta cikin alamominta na yau da kullum; dushewar gani da mutuwar gaɓa sun fi yawa.

An ba maƙwabciyata magungunan kortizon, jinta ya dawo cikin 'yan makonni. Cutar kanta ba a samo maganin warkar da ita ba, sai na rage tashinta.

Ya kai mai karatu, ko kana rumfa ko kana buro, idan kunne ya ɗauke farat ɗaya, kada ka jira ƙarshen wata. Maganin ya fi aiki cikin mako 2 na farko. Bayan haka, kuɗi ba ya sayo kwanakin da suka wuce.