Amfilifayar masallaci da tsawar damina: me ya sa kashewa kawai ba ta isa?

Da zarar damina ta kankama, tambayoyi uku ne ke yawo tsakanin kwamitocin masallatai da masu gyara. Mun kashe amfilifayar da hannunmu, ya aka yi ta ƙone? Ba ga sitabilaiza mun saya ba? Ai daren ma ba a kawo wuta ba! A ganina amsar duka ɗaya ce. Muna zuba kuɗi a kan akwatin amfilifaya da lasifikokin da za su kai murya ƙarshen unguwa, amma ba ma kashe ko sisi wajen buɗe wa wutar tsawa hanyar da za ta bi ta shige ƙasa. Idan ba a yi mata hanya ba, da kanta za ta nema, ta cikin na'ura ko ta jikin mutum.

Wutar da ke soket ɗin gidajenmu bolt 230 ce, fiyus ɗin da ke cikin fulogi mai ƙafa uku kuma ba ya wuce amfiya 13. Faɗowar tsawa guda kan ɗauko kimanin amfiya 30,000, da ƙarfin da ya kai miliyoyin bolt. Abin da ya keto iska daga gajimare har ƙasa, tazarar milimita biyu ko uku da ke cikin makunni ba za ta tsayar da shi ba. Sitabilaiza kuwa an yi ta ne don wutar da ke raguwa ko ƙaruwa a hankali, kafin ta motsa tsawa ta daɗe da wucewa, domin bugun yana ƙarewa cikin ƙasa da ƙiftawar ido nesa ba kusa ba. Haka shi ma fiyus, sai ya yi zafi ya narke kafin ya yanke wuta. Kuma ba lallai tsawar ta faɗa kan ginin ba. Idan ta sauka a kusa, kowace doguwar waya da ke wurin tana iya ɗaukar bugun ta kai shi ciki.

Nan ne maganar "ba a kawo wuta ba" ke rushewa. Amfilifayar masallaci ƙofa biyu gare ta, ta soket da ta wayar lasifika, kuma ta biyun ta fi haɗari. Lasifikar ƙarfe ce, an ɗaure ta a ƙololuwar hasumiya ko a kan dogon bututu bisa kwano, sau da yawa ita ce abu mafi tsayi a unguwar, kuma waya ta taso daga jikinta kai tsaye zuwa bayan na'urar. Wanda ya zare fulogi ya bar wannan waya a haɗe, rabin aiki ya yi. Masu sola da janareta su ma ba su tsira ba, farantan sola ma ƙarin ƙarfe ne da ƙarin waya a kan rufi. Ƙonewar na'ura dai asarar kuɗi ce, ana iya mayarwa. Abin tsoron shi ne wanda ke ɗaya ƙarshen: ladan, ba takalmi, hannu da damshin alwala, riƙe da makirufo na ƙarfe mai waya. A Faransa ta ƙarni na 18 masu kaɗa ƙararrawar coci da yawa sun mutu ta irin wannan hanya, tsawa ta bugi hasumiya ta biyo jiƙaƙƙiyar igiya zuwa hannunsu.

Ko ba hadari ma, makirufon da ke ɗan jan leɓe gargaɗi yake yi. Wuta ce ke yoyo zuwa jikin na'urar ba ta sami wayar atin, mai kai ta ƙasa, da za ta bi ba, ko dai don an karya ƙafa ta uku ta fulogi, ko an tura tsirarar waya cikin soket, ko kuma mai wayarin bai taɓa haɗa atin ɗin da ƙasa ba tun farko. Naɗa hankici a kan makirufo ɓoye alamar kawai yake yi. A 1972, a garin Suwansi na Birtaniya, makaɗin jita Les Harvey ya mutu a gaban 'yan kallo saboda ya taɓa makirufon da ba shi da atin.

Maganin tsoho ne, tun zamanin Benjamin Franklin na Amurka a wajajen 1752: sandar ƙarfe da ta fi komai tsayi a kan ginin, kakkaurar wayar jan ƙarfe da ta sauko ta waje ba tare da lanƙwasa mai yawa ba, sai wata sandar da aka kafa cikin ƙasa. Wasu kan ce ai sandar ce ke kiran tsawa. Tsayin ginin ne ke kiranta, kuma lasifikar ta riga ta zama sanda, sai dai wayarta cikin masallaci ta nufa. Dogon benen Empire State na birnin Niyok tsawa na bugunsa kusan sau 20 a shekara, amma da yake an yi mata hanya, mutane na ciki suna aikinsu. Inda ake yawan ha'inci shi ne cikin ƙasa, wurin da ido ba ya gani. Busasshen yashi irin namu ba ya karɓar wuta da sauƙi, don haka dole sandar da aka kafa a ƙasa ta yi zurfi har ta tarar da laima, a kuma auna da mita, ana son a samu ƙasa da om 10. Gawayi da gishirin da masu aikin ke zubawa suna taimakawa, amma gishiri yana cin ƙarfe, sai an riƙa dubawa. Na'urar tare bugun wuta da ake sayarwa ita ma ƙasa take tura rarar, babu atin amfaninta kaɗan ne, kuma tana lalacewa da yawan bugu.

Za a ce tsawa sai wanda Allah Ya nufa. Gaskiya ne, amma haka wuta da ɓarawo ma suke, kuma babu kwamitin da ya fasa sa kwaɗo a ɗakin amfilifaya don wannan dalili. A mazhabar Malikiyya har haɗa Magariba da Isha'i ake yi saboda ruwan sama, to ajiye makirufo na ɗan lokaci ba zai zama raina kiran salla ba. Masu cewa aikin da tsada su lissafa abin da ake kashewa wajen gyara ko sake saye damina bayan damina. Kafin kuɗin su taru, akwai abin da ba ya cin ko kwabo. Sauti na tafiyar kusan kilomita 1 cikin daƙiƙa 3, saboda haka idan tsakanin walƙiya da ƙarar bai kai daƙiƙa 30 ba, hadarin yana cikin kilomita 10. A zare fulogi da wayar lasifika tun hadari yana haɗuwa, kada a taɓa su yana tsaka, a kuma jira minti 30 bayan ƙara ta ƙarshe. Idan lokacin salla ya shiga a tsakani, ladan ya yi kira da muryarsa daga cikin masallaci. Makirufo marar waya yana kare ladan, amma ba ya kare amfilifaya muddin wayar lasifika na haɗe.